Abin Da Ke Kare Jariri Daga Ciwon Sikila

Iyaye a Limawa ta Minna, da sauran sassan ƙasar nan, sukan yi mamakin yadda jaririn da aka haifa da sikila yakan zauna lafiya lau har wajen wata 6, sa'an nan ciwo ya tashi. Dalilin yana cikin gadon halitta.

Ƙwayoyin jikin mutum, na ido ko na hanta ko na ɓargo, umurnin gado iri ɗaya suke ɗauke da shi, watau DNA. Abin da ya bambanta su shi ne wane umurni ke aiki a wace gaɓa. Masu tsara wannan kuwa waɗansu guntayen DNA ne da za mu kira masu zuga, domin kamar ɗan zuga a maƙera suke: ba su ƙera kome, amma in babu su wuta ba ta ci. Mai zuga yakan zauna nesa da farkon umurnin da yake yi wa aiki, sai zaren DNA ya lanƙwaso su haɗu. Da yawansu a gaɓa guda kaɗai suke tasiri.

Jariri yana zuwa duniya da jinin tayi, wanda ƙwayoyinsa ba su lanƙwashewa kamar lauje. Daga baya wani umurni mai suna BCL11A yakan tsayar da yin wannan jini, sai mai sikila ya maye gurbinsa. Kashe umurnin ɗungum haɗari ne, gama ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki suna bukatarsa.

A 2013 masana a Boston ta Amurka suka gano mai zuga ɗaya, can cikin BCL11A, wanda ba ya aiki sai a inda ake yin jajayen ƙwayoyin jini. In an lalata shi, jinin tayi ya dawo, sauran gaɓoɓi kuwa ba a taɓa su ba. A kan haka aka gina maganin Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a 2023. Amma kuɗinsa a Amurka ya kai dala miliyan 2.2.

Saboda haka rigakafi ya fi magani. In miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar ɗa mai sikila. Lalle ne masu niyyar aure su je asibiti a auna jininsu tun kafin a sa rana. Iyayen mai ciwon kuma su tambayi likita game da haidiroksiyuriya, maganin da ke ƙara jinin tayi a jiki.