Wahaya a Gaban Alƙali: Gwagwarmayar Lumana a Ƙasar Konni

A shekarar 1996 aka sayar da wata yarinya 'yar shekara 12, mai suna Hadijatou Mani, ga wani magidanci a yankin Birnin Konni a kan kuɗin sefa 240,000, wato jikka 240 a bakin mutanen kasuwa. Ba a kai sadaki ba, ba a tara shaidu ba, ba a shafa fatiha ba. Ta shiga gidan a matsayin wahaya, abin da wasu ke kira mata ta biyar: macen da mai hali ke saya bayan ya cika mata huɗu, ta yi surfe da ɗiban ruwa da noma da rana, da dare kuma maigida ya neme ta. Wannan al'ada ta fi kafuwa tsakanin Konni, Madawa, Buza da Illela a jihar Tawa, kuma akan tsallaka da 'yan matan zuwa arewacin Nijeriya. Waɗanda suka raunana wannan al'ada ba su ɗauki ko sanda ba. Da takarda da lauya da wa'azi da haƙuri suka yi aikin, kuma a ganina wannan hanyar ce kaɗai ke iya kashe mugun abin da ke zaune a cikin gidajen mutane.

Ƙungiyar da ta ɗauki nauyin aikin ita ce Timidria, wadda 'yan Nijar suka kafa a 1991, Ilguilas Weila kuma ya daɗe yana jagorantar ta. Lokacin yana da muhimmanci. Shekara guda kafin nan aka zubar da jini a Cintabaraden, tawaye kuma ya kama a arewa har zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995. Bindiga na kusa da hannu, amma waɗannan mutane suka zaɓi zagaya ruga da ƙauye suna kiran taro, suna zaunar da iyayengiji da bayinsu da malamai da sarakuna a fili ɗaya. Suka yi bincike gida-gida don a daina cewa maganar bauta tatsuniya ce. Matsin lambarsu na cikin abin da ya sa a 2003 Nijar ta shigar da bautar da mutum cikin manyan laifuka, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30.

Dokar ce ta sa a ranar 18 ga Agustan 2005 maigidan Hadijatou ya ba ta takardar 'yanci. Sai dai ya ce ba inda za ta, wai yanzu matarsa ce. Nan shari'a ta fara juyi. A watan Maris na 2006 ƙaramar kotun Konni ta ce babu aure, tunda ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba yardarta. Bayan wata uku babbar kotun garin ta soke hukuncin, ta ce a al'ada baiwar da aka 'yanta matar ubangidanta ce. Da Hadijatou ta auri mutumin da take so, sai aka tuhume ta da aure kan aure, aka yanke mata ɗaurin wata shida a 2007, ita da mijinta da ɗan'uwanta, ta yi wajen wata biyu a kurkuku. A duba wannan da kyau: yarinyar da aka saya tana ƙarama ita ke bayan kanta, wanda ya saye ta yana kwance a gidansa. Duk wanda ya ce zuciyarsa ba ta tafasa ba bai fahimci labarin ba. Amma Timidria da lauyoyinta suka danne fushin suka kai ƙarar gwamnatin Nijar kotun ECOWAS, wadda a Nijar aka fi sani da CEDEAO. Kotun ta zo har Yamai ta saurari shaidu a watan Afrilun 2008, a ranar 27 ga Oktoba kuma ta ce Hadijatou ta yi shekara tara cikin bauta, hukumomin ƙasar sun kasa kare ta, don haka a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Abin da ya fi nauyi a hukuncin shi ne cewa alƙalin da maganar bauta ta zo gabansa ba shi da damar kau da kai, dole ya bi ta da kansa.

Masu kare al'adar sukan fake da addini, su ce ai Musulunci ya halatta sa-ɗaka. Wannan hujja ba ta tsayawa ko a gaban malaman yankin nan na da. Tun wajen 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawar cewa ba a bautar da Musulmi ɗan halal, ya lissafa Kano da Katsina da Gobir da Kabi cikin ƙasashen da mutanensu ba sa halatta a matsayin bayi. Wane yaƙi aka ci aka kamo 'yar shekara 12 da aka haifa a gidan masu salla? Abin da ake yi ciniki ne na talauci da asali, kuma yawancin waɗanda abin ke faɗa wa 'ya'yan Buzaye ne da aka gaji kakanninsu a matsayin dukiya.

Wasu kuma na cewa aikin Turawa ne, ana ɓata sunan ƙasa don a samu kuɗin tallafi. Gwamnati ma ta taɓa ɗaukar wannan magana: a 2005, bayan rushewar bikin 'yanta bayi da aka shirya a Inates, an tsare Weila a kan zargin zamba, daga baya aka sake shi. Gaskiya ne ƙungiyoyin Landan irin su Anti-Slavery International sun taimaka da kuɗi da lauyoyi. To amma dokar 2003 ta majalisar Nijar ce, alƙalan da suka yanke hukunci 'yan Afirka ta Yamma ne, wadda ta tsaya ta faɗi abin da aka yi mata a bainar jama'a kuwa 'yar ƙasar Konni ce. Sunan ƙasa ya ɓaci ne ranar da aka ƙirga jikka 240.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta jinkiri. Miliyan 10 ba ta mayar da ƙuruciya, kuma sai a watan Mayun 2014 kotu a Birnin Konni ta fara yanke wa wani mutum mai shekara 63 ɗaurin shekara huɗu saboda ajiye wahaya, shekara 11 bayan kafa dokar. Na yarda tafiyar hawainiya ce. Sai dai wahaya ba ta cikin wani sansani da za a fasa da ƙarfi. Tana cikin gida, tana da 'ya'ya da maigidan, ba ta da gona, sau da yawa ba ta san inda danginta suke ba. In an fizge ta da tsiya, ina za ta kwana, wa zai aure ta, wane liman zai yarda ba ta da igiyar kowa a kanta? Sai maƙwabta da mai gari da malami sun yarda cewa 'ya ce kafin 'yancin ya zauna, yarda kuwa ba a samun ta da tsoratarwa. Shi ya sa Timidria ta haɗa shari'a da buɗe makarantu ga 'ya'yan waɗanda suka fita daga bauta a arewacin Tawa.

Yanzu yanayi ya sauya. Tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS, ƙofar da Hadijatou ta ƙwanƙwasa ba ta buɗe kamar da. Macen da za ta gudu daga gidan ubangida a Malbaza ko Illela gobe, alƙalin Konni da kotunan ɗaukaka ƙara na cikin gida su ne gatanta, sai mai garin da zai ƙi sa hannu a mayar da ita, da limamin da zai faɗa a huɗubar Juma'a cewa sayen 'yar mutane haramun ne. Dokar 2003 tana nan daram, kuma aikin masu fafutuka a yanzu shi ne su tabbata kowane jandarma da kowane magatakardar kotu a jihar Tawa ya san da ita, yana kuma aiki da ita.