Ajiye Aiki da Neman Sallama

Kafin mu shiga batun doka, bari mu rarrabe kalmomi. Murabus an fi saninsa ga masu sarauta, kamar yadda Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi a 1963. Ritaya ta shekaru ce. Kora kuwa ba ta bukatar bayani. Abin da ya tara mu shi ne ajiye aiki, wato mutum da ƙarfinsa, bisa ganin damarsa, ya ce zai tafi, kamar yadda Malam Aminu Kano ya bar koyarwa a Maru a 1950 ya shiga siyasa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Yaron da ya zauna da maigida a kasuwa ba ya sulalewa da dare. Yakan nemi sallama, a zauna a yi lissafi, a yafi juna, sa'an nan a sa masa albarka. Takardar ajiye aiki ita ce neman sallamar zamani.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ta ƙayyade wa'adin sanarwa a sashe na 11. Wanda bai wuce wata uku a aiki ba, kwana ɗaya ne. Zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Daga biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Daga shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Sanarwar mako ɗaya ko fiye, tilas ta zama a rubuce, kuma ana iya biyan kuɗi a madadin wa'adin. Amma a lura, dokar ba ta shafi manyan jami'ai ba. Su sai su koma ga takardar ɗaukarsu aiki da ƙa'idojin ma'aikatarsu.

Ita takardar, a gajarta ta. A faɗi ranar ƙarshe, a yi godiya, a sa hannu. Na sha ganin wanda ya cika shafi uku da zagin shugabansa, ya manta cewa takarda fayil take shiga, fayil kuwa ba ya mantuwa. Bayan shekaru, in sabon wurin aiki ya nemi shaida a kansa, wannan fayil za a buɗe. Haka kuma, kada shugaba ya ji labarin tafiyarka a bakin masinja. Kai za ka fara gaya masa, baki da baki.

Inda aka fi yin sakaci, a ganina, shi ne miƙa ragama. Makullai, da motar ofis, da kuɗin da aka ba ka ajiya, duk amana ne. Ka rubuta wa magajinka abin da ka gama, da abin da ya rage, da wurin da kowace takarda take, ku sa hannu ku biyu, ka riƙe kwafi ɗaya. In aka wayi gari an ce wani abu ya ɓace, wannan kwafin ne zai tsaya maka.