Zaɓen madubin hange ga bindigar farauta marar nauyi

Bindigar da ba ta wuce kilo 3 ba ta fi mai nauyi dukan kafaɗa. Saboda haka maharbi zai nemi madubin da ke barin kamar santimita 9 tsakaninsa da ido, don kada ya fasa masa gira. Ya kuma guji wanda ya zarce giram 400, domin yana mayar da bindigar kaya. Mai kusanto da nama sau 2 zuwa 7 ya wadatar. Wanda ya fi haka yana ƙuntata fili, yana ƙara nuna rawar hannu. Kafin shiga daji, ya gwada saiti a mita 100, gama dabbar da ta tsere da rauni asara ce. A Nijar, dokar 1998 ta wajabta takardar izinin farauta.