Gurɓacewar Sauti a Waƙoƙin Baka da Aka Mayar Cikin Kwamfuta

Manazarcin da ya naɗo waƙoƙin noma a wuraren gayya na ƙauyukan Dawakin Tofa, Bichi ko Ɗambatta yakan dawo da kaset ko fayil, ya saurara a ofis, sannan ya yanke hukunci kan karin sauti da tsayin wasali. Sai dai abin da kunnensa ya ji ba lalle ne ya zama abin da mawaƙin ya furta ba. Kafin a fara nazari, wajibi ne a gano matakin da gurɓacewar ta shiga: wurin naɗa, wurin juyawa zuwa kwamfuta, ko wurin saurare.

Ta wurin saurare ce mafi sauƙin magani. A buɗe fayil ɗaya a manhajoji biyu, misali VLC da Audacity. Idan ƙarar ta ɓace a ɗaya, fayil ɗin lafiya lau yake. Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne saɓanin ƙidayar sauti: fayil da aka naɗa a kan ɗiba 44,100 a daƙiƙa, idan manhaja ta karanta shi a kan 48,000, murya za ta yi sama, tsawon kowane wasali kuma ya ragu da kusan kashi takwas cikin ɗari. Bambancin karin sama da na ƙasa ba zai sauya ba, domin duka tare suka tashi, amma duk wani awon tsayin wasali da aka yi da Praat ya zama ƙarya.

Matsalar kaset ta fi wannan muni. Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma rakodar da batirinta ya yi sanyi a gona ba ta riƙe wannan gudu. Sakamakon shi ne murya mai lilo, wadda kan yi kama da karin faɗau a inda babu shi. A kiɗan kalangu, wanda asalin ƙwarewarsa ita ce matse tsirkiya don lanƙwasa amo, da wuya kunne ya raba hikimar makaɗi da raunin batir. Gunjin lantarki, da kowa ke gaggawar gogewa, yana da amfani a nan: wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka idan gunjin da ya shiga tun wurin naɗa ya bayyana a 54, gudun ya ƙaru. Na janareta kam ba abin dogaro ba ne.

Idan kuwa ganga ta fi ƙarfin makirfo har kan sautin ya yanke, abin da ya ɓace ya ɓace. Manhaja hasashe kawai take yi wajen cike gurbin. Haka nan fayil da ya bi ta saƙon murya na WhatsApp, an riga an matse shi. Don haka a ajiye kwafin asali a tsarin WAV ba tare da an taɓa shi ba, a yi gyara a kan kwafi na biyu, a kuma bayyana a cikin muƙala wanne aka auna.