Tasirin Sauya Mai Horarwa a Kan Salon Kai Hari a Ƙwallon Ƙafa na Makarantu

Ɗalibin da ya yi nazarin adabi ya san ma'anar salo, wato hanyar da marubuci ko mawaƙi ya zaɓa domin isar da saƙonsa. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ma tana da nata salon, kuma an fi gane shi ta yadda take ɗauko ƙwallo daga gidanta ta kai shi ragar abokan karawa. Wata ta gefe take bi, wata ta tsakiya da gajeren fasin, wata kuwa sai ta ja da baya ta jira a yi kuskure sannan ta kai farmaki. A wannan darasi za a duba abin da kan faru da wannan salo idan aka sauya mai horarwa, wanda jama'a suka fi kira da kalmar aro ta koci. Batun ya shafi ɗalibi kai tsaye, domin sabon malami, ko da Hausa ya karanta, yakan wayi gari an ɗora masa kula da wasanni.

Salon kai hari ba a allo yake zaune ba, a jikin 'yan wasa yake. Sai an maimaita abu a wajen atisaye har ya zama jiki, ta yadda ɗan tsakiya zai san inda ɗan gaba zai ruga tun kafin ya ɗaga kai. Sabon koci kan zo da nasa tsarin, ke nan dole a warware wancan sabo a ƙulla wani. A tsakanin nan ne ƙungiya kan yi ƙarancin cin ƙwallo, domin tsaron gida ya fi saurin koyuwa a kan kai hari: kowa na iya riƙe wurinsa cikin 'yan makonni, amma fahimtar juna tsakanin mutum uku ko huɗu masu gudu tana cin lokaci.

Ƙungiyar Super Eagles ta isa misali. A zamanin Clemens Westerhof ta gefe ake kai hari, Finidi George a dama, Emmanuel Amuneke a hagu, Rashidi Yekini kuma yana jira a gaba. Da wannan salo aka ci kofin Afirka na 1994 a Tunisiya. A gasar da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024 kuwa, José Peseiro ya koma amfani da 'yan baya uku, aka toshe gida. Ƙwallo biyu kacal aka zura wa Nijeriya a wasanni shida kafin wasan ƙarshe, amma Victor Osimhen, duk da shahararsa, ƙwallo ɗaya ya ci a gasar baki ɗaya. Ba ƙwarewarsa ce ta ragu ba, aikin da aka ba shi ne ya sauya.

Sai dai ba kullum sauya koci kan rushe ƙungiya ba. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar lig ta ƙasa sau huɗu a hannun masu horarwa uku: Kadiri Ikhana a 2008, Baba Ganaru a 2012 da 2013, sai Okey Emordi a 2014. Abin lura shi ne, lokacin da Emordi ya karɓi aiki ya tarar da 'yan wasan da suka daɗe tare, irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad. A ganina, su ne suka riƙe salon a lokacin da aka sauya mai riƙe da usur.

To, a nan ne ƙungiyar makaranta ta bambanta. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel shekara uku yake yi ya karɓi takardar NCE, mai neman ƙaramar difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure kuwa shekara biyu. Haka abin yake a sakandare: da zarar yaro ya goge, sai ya fita. Wato makaranta ba ta da wani Rabi'u Ali da zai shekara goma yana koya wa na baya. Malamin wasanni shi kaɗai ne ma'ajiyar salon. Idan aka yi masa canjin wurin aiki daga Roni zuwa Babura, ko daga Gwiwa zuwa Kazaure, to da shi salon zai tafi.

Na taɓa ganin haka a wata makaranta a ƙasar Kazaure. Tsohon malaminsu ya gina wasansa a kan yara biyu masu gudu da yake sakawa a gefe, ana jefa musu dogon ƙwallo. Wanda ya gaje shi, saurayi ne mai son kallon wasannin Turai, ya hana dogon bugu, ya ce sai gajeren fasin daga gola. Manufarsa ba ta da aibi, amma filin makarantar rairayi ne, ƙwallo ba ya gangarawa yadda ake so, ga kuma iskar hunturu. Yaran nan biyu suka koma 'yan kallo a cikin fili, ɗayansu ma ya daina zuwa atisaye. Wannan ita ce asarar da ta fi damuna, ba rashin kofi ba.

Saboda haka, malamin da ya gaji ƙungiya ya fara da kallo. Ya bar yaran su buga wasa biyu ko uku yadda suka saba, ya lura da wanda kan fara hari da wanda kan ƙarasa shi, ya tambayi kyaftin. Idan zai sauya, ya fara da abu ɗaya, alal misali bugun kwana, kuma ya fi ba da ƙarfi ga 'yan aji ɗaya, tunda su ne za su daɗe a hannunsa. Haka kuma ya tanadi littafi da zai riƙa rubuta sunayen 'yan wasa da wurin da kowa yake bugawa da irin atisayen da ake yi. Ranar da takardar canjin aiki ta iso, sai ya haɗa littafin da ƙwallaye da riguna ya miƙa wa wanda zai gaje shi.