Wasan Da Aka Ɗaure Wa Mai Ƙarfi Hannu

Wanda duk ya je ƙasar Amurka a 'yan shekarun nan, Allah kuma ya sa ya leƙa ɗaya daga cikin manyan zaurukan da hukumomin garuruwa suke ginawa domin amfanin mutanen unguwa, inda ake taro, ake koya wa yara iyo, samari kuma suke ƙwallon kwando da maraice, to, idan da hantsi ya je, tun bai ƙarasa bakin ƙofa ba zai ji wata ƙara tana tashi daga ciki, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba ƙaƙƙautawa, sai ka ce masassaƙa ne suka duƙufa a kan turmi. In ya shiga sai ya tarar an raba daɓen ƙwallon kwandon nan gida uku, an ja wa kowane gida raga wadda ba ta wuce ƙugun mutum ba, mutane hurhuɗu suna bugun wata 'yar ƙwallon roba mai huji-huji, da yawansu kuwa masu furfura ne, maza da mata, waɗanda a lissafinmu sun isa su kishingiɗa a kan buzu jikoki suna yi musu fifita. Sunan wasan pickleball, mu kuwa da harshenmu ba ya son wahala sai mu ce fikilbol.

Amma abin da ya kamata baƙon ya tsaya ya yi wa nazari yana can gefen bango. Abin bugun ƙwallon wani ɗan allo ne mai mariƙi, wanda in an juya shi bai rasa kama da allon ƙaramin almajiri ba, kuma kowa da nasa yake zuwa. Wanda ya iso sai ya ajiye allonsa a ƙarshen jeri, kamar yadda ake jera jarkoki a bakin famfo, ya koma ya zauna. Da zarar an gama wasa a wani fili, masu alluna huɗun da suke kan gaba su ne za su shiga, ko sun san juna ko ba su sani ba, ta haka sai ka ga tsohon direban babbar mota ya zama abokin wasan likita, suna karawa da wata gwaggo 'yar shekara saba'in da wani ɗalibi wanda bai kai jikanta ba. Kafin minti ashirin sun gama, sun haɗa mariƙan allunansu a kan raga, wanda shi ne musafaharsu, kowa ya mai da allonsa ƙarshen jeri.

Asalin wasan ba mai nisa ba ne, kuma ba masana ne suka zauna suka tsara shi ba. A shekarar 1965, a wani tsibiri da ake kira Bainbridge, kusa da birnin Siyatil na jihar Washinton, watau jihar da take can arewa maso yamma, ba babban birnin ƙasar ba, wani ɗan majalisar dokokin jihar mai suna Joel Pritchard, wanda daga baya ya je majalisar tarayya har kuma ya zama mataimakin gwamna, ya komo gida tare da abokinsa Bill Bell suka tarar da iyali zaune, zaman ya ishe su. Akwai tsohon filin badminton a gidan, amma kayan wasan ba su cika ba, sai suka ɗauko allunan ƙwallon tebur da wata ƙwallon roba mai huji suka fara bugawa. Da farko ragar tana sama, inci 60, da suka ga ƙwallon tana tsalle da kyau a kan kwalta sai suka sauko da ita zuwa inci 36. Ba da jimawa ba wani abokinsu, Barney McCallum, ya shigo ciki, su ukun nan suka ɗora wa wasan ƙa'idoji, niyyarsu kuwa guda ce, a sami abin da uba da uwa da yara za su yi tare.

Game da sunan akwai riwaya biyu. Ɗaya ta ce matar Pritchard, Joan, ita ce ta raɗa shi, domin a tseren kwalekwale akwai wani jirgi da ake tara wa ragowar matuƙan da ba a zaɓa ba, wanda Turawa suke kira jirgin pickle, wasan nan kuwa da ragowar kayan wasu wasanni aka harhaɗa shi. Ɗayar ta ce sunan karen gidan ne, Pickles, wanda yake gudu da ƙwallon. Riwayar kare ta fi daɗin faɗi, shi ya sa ta fi yaɗuwa, sai dai masu bin diddigi sun raunana ta, suka ce karen ne ya ci sunan wasan, don sai daga baya aka kawo shi gidan.

To, a nan ne hikimar take, kuma a ganina duk bunƙasar wasan daga nan ta samo tushe. Filin ƙarami ne, tsawonsa ƙafa 44, faɗinsa ƙafa 20, har ana iya fitar da huɗu daga harabar filin tanis guda, saboda haka ba a bukatar dogon gudu. Mai fara bugu ba ya ɗaga hannu ya rafko ƙwallon daga sama kamar yadda ake yi a tanis, daga ƙasa yake ɗago ta, ya aika da ita kusurwar da take karkace da shi. Sa'an nan wajibi ne wanda aka aika wa ya bar ta ta taɓa ƙasa kafin ya mayar, su ma masu farawar su bar ta ta taɓa ƙasa sau ɗaya, bayan haka ne ya halatta a tare ta a iska. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce ta wani yanki mai ƙafa 7 a kowane gefen raga, wanda 'yan wasan suke kira kicin, ko da yake ba a taɓa ɗora tukunya a cikinsa ba: haramun ne mutum ya tsaya a cikinsa, ko ya taka layinsa, ya doki ƙwallon da ba ta taɓa ƙasa ba, kai, ko da daga waje ya doka, in ƙarfin dukan ya ja shi ya faɗa ciki, ya yi laifi. Duba fa abin da waɗannan sharuɗɗa suka yi. Dogon saurayi mai ƙarfin damtse, wanda da an bar shi da ya tsaya a bakin raga yana kwaɗa wa tsofaffi ƙwallo a ƙafa, an kore shi baya, an ɗaure masa hannu. Ita kanta ƙwallon, saboda hujojinta, waɗanda suke kamawa daga 26 zuwa 40, iska tana riƙe ta, ba ta gudun ƙwallon tanis. Sai wasan ya koma na haƙuri da dabara, inda gwani shi ne wanda ya iya ɗan tura ƙwallon a hankali ta tsallake raga ta faɗa kicin ɗin abokin karawa, a yi ta haka sau goma, sau ashirin, kowa yana jiran wani ya ƙosa ya ɗaga ta sama fiye da kima. Galibi kuwa yaro ne yake fara ƙosawa.

Ana ƙare wasa a maki 11, da sharaɗin a ba da ratar biyu, kuma bisa tsohuwar ƙa'ida ɓangaren da ya fara bugu ne kaɗai yake cin maki. Kafin kowane bugu sai mai farawa ya ɗaga murya ya faɗi lamba uku, makinsu, da na abokan karawa, da kuma ko shi ne mai bugu na ɗaya ko na biyu a ɓangarensa. Wannan lissafi shi ne abin da ya fi rikita sabon shiga, har ya fi bugun kansa wuya.

Shekaru da yawa wasan yana tafiyar hawainiya. An yi gasar farko da aka sani a garin Tukwila a 1976, aka kafa ƙungiyar ƙasa aka kuma buga littafin ƙa'idoji a 1984, a shekarar ne ma wani injiniyan kamfanin Boeing, Arlen Paranto, ya ƙera allo mara nauyi da irin kayan da ake shimfiɗa daɓen jirgin sama, maimakon katako. Waɗanda suka riƙe wasan bai mutu ba su ne masu ritaya da suke ƙaura zuwa jihohi masu ɗumi, Fulorida da Arizona, irin mazauna garin The Villages, wanda domin tsofaffi aka gina shi. Da annobar korona ta sauka a 2020, aka rufe wuraren taruwa, sai jama'a suka ga abin da za a iya zana filinsa da alli a ƙofar gida, a yi shi a sarari ba tare da cuɗanya ba. Ƙungiyar masu sana'ar kayan wasanni ta ƙasar ta ƙiyasta masu wasan da miliyan 4.8 a 2021, sai 8.9 a 2022, sai 13.6 a 2023, sai 19.8 a 2024. A 2022 jihar Washinton ta ɗauke shi wasanta na hukuma, attajiran 'yan wasa irin su LeBron James da Tom Brady kuma suka zuba kuɗi a kulob-kulob na ƙwararru.

Su kuwa masu kula da zaurukan unguwa, abin ya zo musu daidai, domin da hantsi yara suna makaranta, manya suna wurin aiki, daɓen yana zaune ba mai amfani da shi, alhali abin da ake bukata bai wuce raga mai naɗewa da layin da ake mannawa a ƙasa ba. Kada kuma a manta wace irin ƙasa ake magana a kai. Ƙasa ce da tsoho yake iya kwana ya wuni shi kaɗai a gida ba wanda ya yi masa sallama, har ta kai a 2023 babban likitan gwamnati, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi yana lissafa kaɗaici cikin annobar da take cin lafiyar jama'a. Abin da dattijonmu yake samu kyauta a majalisar ƙofar gida, ko a tabarmar bakin masallaci tsakanin Magariba da Lisha, shi ne na can yake ɗaukar allo ya tafi nema, motsa jikin ƙari ne. Zo mu ci tuwo, an ce, ya fi tuwon daɗi.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ƙarar nan da mai wasa ba ya ji, maƙwabcin fili yana jin ta tun daga asuba har dare, kuma da yake kaifi gare ta, ba kamar ta tanis mai taushi ba, an kai ƙara kotu a garuruwa da dama, wasu hukumomi sun taƙaita lokutan wasa, wasu sun kewaye filaye da labulen tare sauti. Masu tanis ma suna gunaguni an cinye musu filaye. Likitocin ƙashi kuma sun shaida ƙaruwar karayar wuyan hannu da tsinkewar agara, musamman ga dattijon da ya shekara talatin bai yi gudu ba, sauƙin wasan ya ruɗe shi ya ja da baya da sauri yana bin ƙwallo.

Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan damuna, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Yanzu samari sun shigo da yawa, an sami allunan da kuɗinsu ya haura dala 200, an kuma ƙirƙiro ma'aunin gwaninta, ana ce wa wannan ɗan 3.0 ne, wancan ɗan 4.5. Gwanaye sun fara ƙyashin a haɗa su da sabon shiga, har wani yakan zare allonsa daga jeri a ɓoye in ya hango wanda zai faɗo masa. Saboda haka zauruka da yawa sun raba lokaci, in ka duba takardar da aka manna a bakin ƙofa sai ka ga an rubuta sa'o'in masu koyo daban, na matsakaita daban, na gwanaye daban, sa'an nan a can ƙasa wasu 'yan sa'o'i da aka bar wa kowa da kowa, inda har yanzu gwaggon nan take iya ajiye allonta a bayan na ɗalibin.