Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Daga danna maɓallin kunnawa zuwa buɗewar Windows, kwamfuta tana bin matakai ne ɗaya bayan ɗaya, kuma sai na farko ya kammala na gaba yake somawa. Wuta ce ke fara shiga. Daga nan wata ƙaramar manhaja da ke dashe a babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira madabod, sai ta farka. A tsofaffin kwamfutoci sunanta BIOS, a na zamani kuma UEFI. Aikinta shi ne ta duba lafiyar RAM da firosesa da sashen hoto, sannan ta nemo faifan ajiyar da Windows take ciki ta miƙa masa ragama. Shi ya sa ƙwararren mai gyara ba ya fara da kwance kusoshi. Yakan fara gano matakin da tafiyar ta tsaya.

Idan an danna maɓalli aka ji shiru, babu fitila babu motsin fanka, to matsalar wuta ce. A fara da abu mai sauƙi: soket, wayar wuta, da ɗan makunnin da ke bayan akwatin wasu kwamfutocin tebur. A laftof kuwa, a cire caja, a cire batir in mai fita ne, a danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 30, sannan a mayar da caja kaɗai a gwada. A wuraren da wuta ke ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, ko ake yawan sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta, akwatin rarraba wuta na cikin kwamfuta shi ne kan fara ƙonewa. Sauya shi ake yi, ba a buɗe shi, domin yakan riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga soket.

Mataki na biyu ya fi rikita mutane. Fanka tana juyawa, fitila tana ci, amma fuskar kwamfutar baƙi ƙirin. Nan gwajin da BIOS ke yi ne ya ci tura, kuma sau da yawa kwamfutar kan faɗi ciwonta da 'yar ƙara mai maimaituwa ko ƙyaftawar fitila. Ma'anar waɗannan alamu ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, na Dell daban na HP daban, don haka sai an duba littafin samfurin. RAM ce aka fi kamawa da laifi a nan. Ƙurar hunturu da zafi kan sa ta saki wurin zamanta. Bayan an zare wuta, mai gyara zai taɓa ƙarfen akwatin don ya sauke wutar da ke jikinsa, ya buɗe 'yan maƙallan da ke gefe biyu, ya zaro RAM ɗin, ya goge haƙoranta masu ruwan zinariya da busasshen ƙyalle mai laushi, ya mayar ya danna har sai ya ji "ƙas". In guda biyu ne, sai a gwada su ɗai-ɗai. Akwai kuma wani ɗan batir mai kama da kwabo a jikin madabod, CR2032, mai ƙarfin bolt 3. Idan ya mutu, agogon kwamfuta kan koma baya, saitin BIOS ya ɓace, har kwamfutar ta manta faifan da za ta tashi da shi.

Wani lokaci tambarin kamfani yakan bayyana, sai rubutu ya fito cewa ba a sami abin tashi ba. Kafin hankali ya tashi, a duba ko an bar filashi a jiki, domin kwamfutar na iya ƙoƙarin tashi daga cikinsa. In babu, a shiga BIOS, galibi da F2 ko F10 ko Del, a ga ko tana ganin faifan. In tana ganinsa, mai yiwuwa bayanin tashi ne kawai ya lalace. A tsohon tsarin MBR, wanda ya zo a 1983, wannan bayani yana cikin bayit 512 na farkon faifai, kuma ana gyara shi ba tare da an taɓa fayil ko ɗaya ba. Amma idan faifai mai juyawa yana ƙara ƙwas-ƙwas, a kashe kwamfutar nan take. Kowace kunnawa ƙara karce shi take yi.

Mataki na ƙarshe shi ne Windows ta soma tashi ta tsaya, ko ta nuna shuɗin allo ta sake kunna kanta. Idan hakan ya faru sau biyu ko uku a jere, Windows 10 da 11 sukan buɗe sashen gyara da kansu. A nan ake samun Startup Repair, da damar cire sabuntawar ƙarshe, da Safe Mode, wanda ke tayar da Windows da mafi ƙarancin manhajoji. Duniya ta ga amfaninsa ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft. Jirage sun kasa tashi, asibitoci da bankuna sun tsaya. Maganin kuwa shi ne a shiga Safe Mode a goge fayil guda, kwamfuta bayan kwamfuta.

Inda aka fi yin asara shi ne gaggawar yin fomatin. Hanya ce mai sauri ga mai gyara, amma tana share lissafin shago, aikin digiri na ɗalibi da hotunan iyali, alhali a yawancin matsalolin da aka ambata fayilolin suna nan lafiya lau. Ya kamata a kwashe su kafin komai. Ana iya tayar da kwamfutar daga filashi mai ɗauke da Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta kamar Windows, ba tare da an girka shi ba, a buɗe faifan a kwafe abin da ke ciki, ko kuma a ciro faifan a jona shi da wata kwamfuta. Idan an kulle faifan da BitLocker, sai an kawo mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda galibi ake samu a asusun Microsoft na mai kwamfutar ko a wurin masu kula da kwamfutocin ofis. Sai an buɗe wasu daga cikin fayilolin da aka kwafa an tabbatar suna aiki, sannan a ba da izinin sake girka Windows.